Tsakanin Tsaron Jama'a da Gyaran Hali: Nazarin Manufar Gurfanar da Masu Laifi a Jihohin Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda hukumomin da ke gurfanar da masu laifi a jihohin Arewacin Nijeriya suke auna buƙatu biyu: kare jama'a daga cutarwa da kuma gyara halin wanda ya yi laifi. An ɗora nazarin a kan tanade-tanaden Kundin Tsarin Mulki na 1999, da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, da Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, tare da waiwayen tarihi da nazarin kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a fagen hukunci. An fi ɗauko misalai daga Jihar Kano. Maƙalar ta gano cewa dokokin da ake da su sun tanadi hanyoyin gyara masu yawa, amma yadda ake shigar da ƙara tun daga matakin farko yana sa a tara ƙananan masu laifi a tsare, a kuma jinkirta hukunta manya. An kammala da gabatar da ma'aunai huɗu waɗanda mai gabatar da ƙara zai iya dogara da su wajen rarrabe wanda ya cancanci tsarewa da wanda ya cancanci sulhu ko horo a cikin al'umma.

Fitilun Kalmomi: gurfanarwa, horo, gyaran hali, jiran shari'a, sulhu, daba

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka yi aika-aika a unguwa, kamar ƙwacen waya da ya kai ga rasa rai ko faɗan daba da ya hana mutane fita, abin da jama'a ke nema shi ne a kama a ɗaure. Idan ƙura ta lafa, iyayen waɗanda aka kama sai su shiga zarya tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu da gidan mai unguwa suna neman sassauci, suna cewa yaro ne, ƙuruciya ce. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Wanda aka sara yana da haƙƙin a tsare masa rai da dukiya, wanda ya yi saran kuma zai dawo unguwar wata rana, ko da gyara ko da ƙarin ɓarna.

Tsakanin waɗannan buƙatu biyu akwai wani jami'i da ba a cika yin maganarsa ba, wato mai gabatar da ƙara. Kafin alƙali ya ga wanda ake tuhuma, an riga an yanke shawarar ko za a kai shi kotu, da laifin da za a rubuta masa, da kotun da za a kai shi, da kuma ko za a yi suka idan ya nemi beli. Waɗannan shawarwari su ne suke tsara makomar shari'ar. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake yanke su a jihohin Arewa, da inda ma'aunin yake karkacewa, da abin da zai iya daidaita shi. Nazarin bai shafi laifukan ta'addanci ba, domin waɗannan suna ƙarƙashin dokokin tarayya da tsare-tsare na daban.

2.0 Kalmomin Hukunci a Bakin Bahaushe

Kalmar horo tana ɗauke da ma'ana biyu a Hausa. Ana cewa an yi wa ɗalibi horo idan an koyar da shi sana'a ko aiki, ana kuma cewa an hori mai laifi idan an hukunta shi. Haka ladabtarwa take: tushenta ladabi ne, amma a aikace tana nufin hukunci. Wannan ya nuna cewa a tunanin Bahaushe, hukuncin da ya amsa sunansa shi ne wanda ya bar mutum da kyakkyawan hali. Karin maganar da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da wadda ke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, duk suna kan wannan layi.

Sunayen wurin tsarewa kuwa suna nuna wata fuskar. Gidan yari ya samo suna daga Yari, mai riƙe da sarautar kula da ɗaurarru a fadar sarki. Akwai kurkuku, da gidan kaso, da gidan waƙafi wanda ake dangantawa da tsarewar wucin gadi kafin yanke hukunci. Akwai kuma gidan maza, sunan da ya fi yawa a bakin matasa, kuma yana ɗauke da wani saƙo mai haɗari: cewa zaman kurkuku shaida ce ta jarumta. A wurin da matashi ke ɗaukar ɗauri a matsayin lambar girma, barazanar ɗauri ta rasa wani ɓangare na ƙarfinta na tsoratarwa. Sabon suna, gidan gyaran hali, ya bazu ne bayan dokar 2019. Suna ne da ya dace da ma'anar horo ta farko, sai dai sauya suna bai isa ya sauya abin da ke faruwa a cikin gidan ba.

3.0 Waiwayen Tarihi

A ƙarƙashin Daular Usmaniyya, shari'ar laifuka tana bin fiƙihun Malikiyya, wanda ya kasa hukunci gida uku: haddi, da ƙisasi, da ta'aziri. Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ga batun da ake tattaunawa, domin kowane kashi yana ba da amsa daban game da wanda ke da ikon yafewa. A ƙisasi, magadan wanda aka kashe suna iya yafewa ko su karɓi diyya. Duk da haka Malikiyya ta tanadi bulala ɗari da ɗaurin shekara guda ga mai kisan ganganci da aka yafe wa, domin al'umma ma tana da nata haƙƙin. Kisan gilla kuwa, wato wanda aka yi ta hanyar yaudara don ƙwace dukiya ko makamancin haka, ba ya karɓar yafiyar magada a wannan mazhaba. A laifin fashi, tuba kafin a kama mutum tana kawar da haddi, amma ba ta kawar da haƙƙin mutanen da aka zalunta ba. Ta'aziri shi ne fagen da aka bar wa alƙali da shugaba su duba halin mai laifi da maslahar jama'a. Ashe ke nan auna tsaro da gyara ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa.

A zamanin Turawa, hukumomin En'e ne suke riƙe da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari. An kafa Kundin Laifuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, a shekarar 1959, ya fara aiki a 1960 tare da kundin hanyoyin gudanar da shari'ar laifuka. An tsara shi ne bisa samfurin kundin Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga na Indiya. Kundin hanyoyin shari'ar ya amince da sasantawa a kan wasu jerin laifuka, wasu da iznin kotu, wasu ba tare da shi ba, kuma Final Kod ya ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya diyyar ɓarnar da ya yi.

A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe waɗannan hukumomi daga hannun En'e. Kotunan alƙalai suka koma hannun jihohi, 'yan doka suka narke cikin rundunar 'yan sandan ƙasa, gidajen yari kuma suka koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1968. Daga nan aka samu wani tsari mai ƙafa uku: ɗan sandan tarayya ne ke kamawa, kotun jiha ce ke tsarewa, gidan yarin tarayya ne ke ciyarwa. Jihar da ta aika mutum kurkuku ba ita ke ɗaukar nauyin zamansa ba, saboda haka babu abin da ke matsa mata ta rage yawan waɗanda take aikawa. Sai a watan Maris na 2023 aka gyara Kundin Tsarin Mulki, aka mayar da gidajen gyaran hali cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi za su iya yi wa doka tare. A tsakanin haka, daga shekarar 2000, jihohi goma sha biyu na Arewa, Zamfara a kan gaba, sun faɗaɗa aiki da Shari'ar Musulunci, yawancinsu da kundin laifuka na Shari'a da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da Final Kod.

4.0 Ikon Mai Gabatar da Ƙara

Sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Antoni Janar na jiha iko uku: ya shigar da ƙarar laifi, ya karɓi wadda wani ya shigar ya ci gaba da ita, ko ya janye ta a kowane mataki kafin yanke hukunci. Sashen ya gindaya masa ya yi la'akari da maslahar jama'a, da adalci, da hana wasa da shari'a. Sashe na 174 ya ba Antoni Janar na tarayya irin wannan iko a kan laifukan tarayya. A aikace, lauyoyin Ma'aikatar Shari'a ƙarƙashin Daraktan Gabatar da Ƙararraki ne ke riƙe da manyan shari'u, yayin da ɗimbin ƙananan ƙararraki a kotunan majistare da na Shari'a suka daɗe a hannun 'yan sanda masu gabatar da ƙara.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta tarayya ce, amma jihohi sun yi nasu bisa samfurinta: Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar ta tarayya ta ƙunshi tanade-tanade da dama da suka shafi wannan batu. Ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Sashe na 34 ya wajabta wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata don duba waɗanda ake tsare da su. Sashe na 270 ya halatta yarjejeniyar amsa laifi, inda wanda ake tuhuma zai amsa laifinsa a sassauta masa tuhuma ko hukunci, kuma ya ba wanda aka zalunta gurbi a cikin shawarar. Daga cikin abubuwan da ake dubawa akwai tarihin mai laifin, da nadamarsa, da shirinsa na mayar da abin da ya ci. Sashe na 460 ya tanadi ɗaurin talala da hidimar al'umma, amma ya cire laifukan da aka yi da makami, da laifukan fyaɗe da dangoginsu, da duk laifin da hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara uku.

Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta raba aikin hukumar gida biyu: sashen tsarewa da sashen hukuncin da ba na tsarewa ba. Sashe na biyun ne ke kula da hidimar al'umma, da sa ido kan wanda aka yi wa talala, da sakin ɗaurarre kafin cikar wa'adi bisa sharaɗi, da sasanta mai laifi da wanda ya zalunta. Sashe na 12 na dokar ya ba jami'an hukumar damar sanar da Babban Jojin jiha da Antoni Janar idan gida ya cika, ya kuma ba su ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan ba a ɗauki mataki ba. Waɗannan tanade-tanade sun yi daidai da ƙa'idojin Tokiyo na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990, da sanarwar Kampala ta 1996 kan halin gidajen yari a Afirka, da sanarwar Kadoma ta 1997 kan hidimar al'umma.

5.0 Inda Ma'auni Yake Karkacewa

5.1 Zaman Jiran Shari'a

Alƙaluman da Hukumar Gidajen Gyaran Hali take fitarwa a 'yan shekarun nan suna nuna cewa mutanen da ke tsare a faɗin ƙasar sun haura 70,000, kuma kimanin kashi biyu cikin uku nasu ba a yanke musu hukunci ba. Hanyar da ake bi a kai ga haka sananniya ce. Ɗan sanda zai kai wanda ake zargi da babban laifi, kamar kisa ko fashi da makami, gaban majistare wanda ba shi da hurumin sauraron shari'ar. Majistare zai ba da umarnin tsarewa har sai an samu shawarar lauyoyin gwamnati. Idan takardun binciken ba su isa Ma'aikatar Shari'a ba, ko an sauya wa mai binciken wurin aiki, sai mutum ya zauna ba shari'a ba saki.

Dokar 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa. Ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko da kwana 14, ana iya ƙara wasu 14 idan an kawo dalili, daga nan kotu ta kira hukuma ta bayyana abin da zai hana a saki mutumin. Ta kuma ba Antoni Janar kwana 14 ya fitar da shawararsa bayan ya karɓi takardun bincike. Amfanin waɗannan wa'adodi ya dogara ne ga samun wanda zai riƙa ƙirga kwanakin, kuma talakan da ba shi da lauya ba kasafai yake samun mai ƙirga masa ba.

Illar wannan yanayi ta shafi buƙatun biyu gaba ɗaya. Ta fuskar gyara, shirye-shiryen koyon sana'a da karatu an fi tsara su ne domin waɗanda aka yanke wa hukunci, mai jiran shari'a kuwa yana zaune ne kawai tare da waɗanda suka fi shi gogewa a ɓarna, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ta fuskar tsaro, idan shari'a ta ɗauki shekaru, shaidu kan gaji ko su ƙaura ko a tsorata su, sai mai laifin gaske ya fita ba tare da an tabbatar masa da komai ba.

5.2 Ƙananan Laifuka da Tara

Final Kod yana ɗauke da sassan da suka shafi zaman banza da gararamba, waɗanda aka gada daga dokokin mulkin mallaka. A watan Disamba na 2020, Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam ta ba da fatawar cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa Yarjejeniyar Afirka, domin suna hukunta talauci da matsayin mutum maimakon aikin da ya aikata. Bayan wannan akwai matsalar tara. Alƙali zai yanke ɗauri ko zaɓin tara, mai hali ya biya ya tafi gida, marar hali ya wuce kurkuku a kan laifi iri ɗaya. A watan Nuwamba na 2023, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara Naira miliyan 585 don biya musu tara da diyya. Idan aka raba kuɗin, kowane mutum bai kai Naira 150,000 ba. Waɗannan mutane ne da kotu da kanta ta ga ba su da haɗarin da zai hana su komawa gida, tunda ta ba su zaɓin tara. Rashin kuɗi ne ya riƙe su, kuma gurbin da suka cika shi ne wanda ake buƙata domin masu haɗari.

5.3 Daba da Ƙwacen Waya

Daba ta daɗe a birnin Kano. Masana suna danganta ta da ƙungiyoyin farauta da 'yan tauri, da kuma bangar siyasa tun daga hamayyar NEPU da NPC a shekarun 1950. A 'yan shekarun nan ta haɗu da ƙwacen waya da makami, wanda ya jawo asarar rayuka. A shekarar 2023, hukumomin Jihar Kano sun bayyana cewa za a riƙa ɗaukar ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. A cikin shekarar kuma rundunar 'yan sandan jihar ta gayyaci 'yan daba su miƙa makamai su tuba, wasu kuma suka amsa. Matakan biyu suna wakiltar fuskokin biyu na wannan nazari.

Tsanantawa tana da hujja. Wanda ya soki mutum da wuƙa don ya karɓi wayarsa ya yi fashi, kuma doka ta riga ta cire shi daga masu cin gajiyar hidimar al'umma. Sai dai sunan laifi yana da nauyi a doka. Dokar fashi da makami ta tarayya ta tanadi hukuncin kisa, shari'ar sai Babbar Kotu, beli yana da wuya, kuma kariyar da sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya bayar, ta sakin wanda aka tsare wata biyu ba a yi masa shari'a ba, ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. A ƙaddara an yi samame aka kwashi matasa goma: biyu sun sari mutum, uku an same su da wuƙa, biyar suna zaune ne a wurin. Idan aka rubuta wa duka goman fashi da makami, takwas za su shiga dogon jira a kan tuhumar da ba za a iya tabbatarwa ba, shari'ar biyun kuma za ta nutse a cikin tarin takardu. Tantancewa tun farko ita ce za ta ba da damar a gaggauta shari'ar biyun, a tuhumi ukun da laifin da ya dace da su, a sallami biyar ɗin.

5.4 Shaye-shaye

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kan shekarar 2017, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Adadi irin wannan ya fi ƙarfin kowane gidan yari. Dole manufar gurfanarwa ta bambanta dila da mashayi: na farko ɗan kasuwa ne mai cin riba da lalacewar wasu, na biyu yana buƙatar magani da sa ido. Inda hukuma ba ta samar da isassun wuraren jinya ba, iyaye kan kai 'ya'yansu gidajen mari. Samamen da aka kai irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura a shekarar 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, ya nuna girman buƙatar da kuma abin da ke biyo baya idan aka bar ta ba kulawa. Gidajen horon matasa na tarayya guda uku ne aka daɗe da su, a Kaduna da Ilori da Abekuta, kuma cibiyoyin jiha irin ta Kiru a Kano ba su da yawa.

6.0 Sulhu da Tuba: Amfani da Haɗari

Al'ummar Hausawa tana da hanyoyin sasanci masu ƙarfi. Mai unguwa da dagaci da limami suna kashe rigingimu da yawa kafin su kai ofishin 'yan sanda. Hukumar Hisba ta Jihar Kano, wadda aka kafa da dokar 2003, tana yin sulhu a kan rikicin aure da bashi da maƙwabtaka, kuma an samar da Zauren Sulhu a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Waɗannan hanyoyi suna da sauri da araha, suna kuma mayar wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, abin da ɗauri ba ya yi. Wanda aka sace wa akuya ya fi buƙatar akuyarsa a kan labarin cewa ɓarawon yana Kurmawa ko Goron Dutse.

Haɗarin sulhu yana bayyana ne idan ɓangarorin ba su yi daidai da juna a ƙarfi ba. A laifin fyaɗe, musamman na ƙananan yara, sau da yawa ana matsa wa iyaye su janye ƙara da sunan rufin asiri, sai mai laifin ya koma cikin unguwa inda akwai wasu yaran. Wannan ba gyara ba ne, domin ba a nemi mai laifin ya sauya komai ba. Haka nan tuban da ba shi da sharaɗi. Gwamnatin Jihar Katsina ta yi sulhu da 'yan bindigar daji a 2016 da 2019, Zamfara ma ta yi a 2019, kuma hare-hare sun dawo bayan kowanne. Darasin da ke ciki ya shafi 'yan dabar birni ma: tuban da ba a haɗa shi da miƙa makami, da rajistar suna, da mai tsayawa, da sana'a, da hukuncin da zai hau kan wanda ya koma ruwa ba, hutu ne kawai. Akwai kuma batun masu ɗaukar nauyin daba a lokacin zaɓe. Muddin ana gurfanar da yaron da ya riƙe gora ana barin wanda ya ba shi kuɗi da ƙwaya, gyaran da aka yi masa zai warware a kakar zaɓe mai zuwa.

7.0 Ma'aunai da Shawarwari

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da tambayoyi huɗu da ya kamata mai gabatar da ƙara ya amsa a rubuce kafin ya zaɓi hanya. Ta farko, shin hujjar da ke hannu ta isa ta tabbatar da wannan laifi da aka ambata, ko kuwa ƙaramin laifi take tabbatarwa? Ta biyu, shin an yi amfani da makami, ko an taɓa rai ko mutuncin jiki? Ta uku, mene ne shekarun wanda ake tuhuma da tarihinsa, kuma akwai wanda zai tsaya masa? Ta huɗu, me wanda aka zalunta yake so, kuma da yardarsa yake faɗa ko tilasta masa aka yi? Tambaya ta farko ita ce ƙofa. Idan hujja ba ta isa ba, babu dalilin tsarewa komai girman sunan laifin.

Bisa waɗannan ma'aunai, ana ba da shawarwari kamar haka. Ma'aikatun Shari'a na jihohi su wallafa ƙa'idojin gurfanarwa da Hausa da Ingilishi, domin jama'a su san laifukan da ake sasantawa da waɗanda ba a sasantawa, wanda hakan zai rage zargin son kai da sa bakin manya. A ajiye lauyoyin gwamnati a manyan ofisoshin 'yan sanda su riƙa tantance tuhuma kafin a kai kotu. A ba shari'un kisa da fashi da fyaɗe fifiko da kariyar shaidu, domin saurin hukunci da tabbacinsa suna tsoratarwa fiye da tsananinsa. A mayar da tarar da talaka ba zai iya biya ba zuwa hidimar al'umma, kamar yashe magudanan ruwa da sharar kasuwa da asibiti, ƙarƙashin kulawar jami'an gyaran hali da masu unguwanni. A riƙa kai duk sulhun da aka yi a kan laifi gaban kotu ta tabbatar da shi. A ƙarshe, jihohi su yi amfani da gyaran 2023 su sa kuɗi a wuraren jinyar mashaya da horon matasa, su kuma riƙa tattara alƙaluman waɗanda suka sake aikata laifi bayan kowane irin hukunci, domin da su ne za a gane hanyar da ke aiki.

Masana Hausa ma suna da rawar takawa. Kalmomin da ake fassara hukuncin da ba na tsarewa ba da su suna tasiri a kan yadda jama'a za su karɓe shi. Idan mai sauraron rediyo ya ji an ce an saki ɓarawo, zai ɗauka an ci hanci. Idan ya ji an ce an yanke masa horon aikin wata uku tare da biyan abin da ya sata, zai gane cewa hukunci aka yi. Samar da daidaitattun kalmomi a wannan fage aiki ne da ke jiran sassan Hausa na jami'o'i da ma'aikatun shari'a da kafofin yaɗa labarai.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa fiƙihun da ƙasar Hausa ta gada, da Final Kod, da dokokin 2015 da 2019, duk sun yarda a bambanta tsakanin mai laifin da ya zama barazana ga rayuka da wanda za a iya gyarawa a cikin jama'a. An ga cewa matsalar tana tasowa ne a matakin shigar da ƙara, inda ake ɗora babbar tuhuma ba tare da tantancewa ba, ake tsare mutane saboda ƙaramar tara, ake kuma barin manyan laifuka su salwanta ta hanyar jinkiri ko sulhun dole. Gidajen yari suna da iyakar abin da za su ɗauka, haka kotuna da lauyoyin gwamnati. Duk gurbin da aka ba wanda bai kamata a tsare ba, an rage shi ne daga abin da za a yi amfani da shi a kan mai haɗari. Saboda haka rubutacciyar manufar gurfanarwa, wadda jama'a suka sani kuma ake bin diddigin sakamakonta, ita ce matakin farko da ya kamata kowace jiha ta ɗauka.